Labbo da Riƙon Ingila

A Augie aka haifi Labbo, amma a Gulma ya tashi. Shi ne ɗan fari a gidansu, saboda haka ana yaye shi aka ɗauke shi aka ba kawunsa Hodi riƙo. A wurin kawun ya koyi ban ruwa da jigo da dashen albasa da sanin ranar da za a cire ta. Ya sha gaya mini cewa duk tsawon zamansa a Gulma mahaifinsa bai taɓa aikowa a tambayi lafiyarsa ba, kuma da alfahari yake faɗin haka. Sai da ya isa aure kawun ya yi masa mata, ya ɗora su a kan jaki da kayansu, ya kai su Augie da ƙafarsa, ya ce wa mahaifin ga amanarka. A wurin Labbo haka mutanen kirki suke yi. Wanda ya ba da ɗa ba ya waiwaye, wanda ya karɓa shi ya san lokacin mayarwa.

Na san shi ne bayan an yanke jihar Sakkwato, lokacin da ya sayi gidan da ke jikin nawa a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Ya riga ya bar noma da hannunsa ya koma fatauci. Yana da gingimari biyu da ke kai albasa Ibadan da Ikko, ga rudu da yawa a Augie inda yake ajiye ta har ta yi tsada. Doguwar riga ɗaya yake sawa har ta koɗe, kuma in ka gaisa da shi sai ka wuni da ƙanshin lawashi a tafin hannu. Ni kuwa ina koyarwa a firamare. Makarantar mishan na yi a ƙasar Zuru, zamanin da ake duba farce kowace safiya, a buga ƙararrawa kafin a ci abinci. Labbo yakan tsokane ni da cewa ni kaɗai ne a unguwar nake goge takalmi kafin in shiga taɓo.

Matarsa Riskuwa ta haifa masa namiji ɗaya, Maliki, shi ne ɗan fari, sauran duk mata. Ban taɓa jin sunan yaron a bakin ɗayansu ba. Labbo yakan ce "wanga yaro", Riskuwa kuwa "ɗan mutane" take cewa, tana kawar da kai. Kawu Hodi ya rasu kafin a haife shi, shi ya sa ba a sami wanda za a ba riƙonsa ba, ya tashi a gabansu suna kunyarsa. A ajina yake, kuma ban koyar da yaro mai saurin kama abu kamarsa ba. Ranar da na gaya wa Labbo haka, sai ya duba sama ya ce, "Malam Tamba, ruwa za a yi ko?"

Maganar Ingila a shagon Oladipo ta fara. Bayerabe ne mai sayar da kayan gyaran mota, ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma irin tamu, kowa Baban Bola yake ce masa. A wurinsa Labbo yake sayen taya, kuma abota ta ƙullu tsakaninsu. Wata rana muna zaune sai Labbo ya ga hoto a jikin bango, wani yaro baƙar fata cikin kwat mai tambari a ƙirji, yana tsaye a kan ciyawa kore shar, bayansa ginin dutse.

"Baban Bola, mi yah hana su shuka wagga hwadama?" in ji shi.

"Ba fadama ba ce, Sarkin Albasa, filin wasa ne. Ɗan Gbadebo ne, yayana, a makarantar kwana yake a Ingila."

"Ɗiyan sarakuna ka karatu nan?"

"Duk yaron da ya ci jarrabawa ne, ubansa kuma ya iya biya. Gbadebo akawu ne kawai a Landan."

Labbo ya sake duban hoton. Bayan mako guda ya shigo zaurena, ya zauna, ya yi ta zancen tsadar taki, sai da ya miƙe zai fita ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Wanga yaro, ko shina iya cin irin waccan jarrabawa?"

Shekarun man fetur ne, naira na da ƙarfinta, mai gingimari biyu yana iya ɗaukar abin da yau sai attajiri. Hanyar shiga ce mai tsawo. Sai an rubuta wa makarantar an sa sunan yaro tun da wuri. Sai hedimasta ya aika da shaidar halinsa da ƙoƙarinsa. Sannan su aiko da takardun jarrabawa a liƙe zuwa ga wani shugaban kwaleji da suka yarda da shi, yaro ya zauna a gabansa ya yi, a mayar musu. In ya ci, sai wakilinsu ya gan shi ido da ido, shi da mahaifinsa. Shekara guda na yi ina shirya Maliki bayan la'asar. Na buɗe akwatin ƙarfena na ciro tsofaffin littattafan nahawu da na yi karatu da su, har da ɗan Latin da ya rage mini a ka. Na koya masa riƙe wuƙa da cokali mai yatsu a kan tebur ɗin gidana. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne duban babba cikin ido in ana yi masa magana. Da ya ɗaga kai sai ya mayar, kamar rana ce ya duba.

Ya ci jarrabawar. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, wakilin makarantar ya zo Nijeriya ganin yara a Ikko da Kaduna. Da ya ji ana bikin kamun kifi a Argungu sai ya ce zai zo kallo, mu same shi a can. Muka tafi mu huɗu, ni da Labbo da yaron da Oladipo. A farfajiyar masaukin baƙi muka zauna, ana jiyo kiɗan masunta daga bakin gulbi. Baturen dogo ne, ya manyanta, rana ta ƙona masa hanci ya yi ja. Ya yi hira da Maliki a kan lissafi da kifi da abin da yake son zama, yaron ya dube shi cikin ido har sau biyu, na ji daɗi. Sannan ya juyo ga Labbo, ni ina tafinta.

"Ya ce ka ba shi labarin ɗanka. Wane irin yaro ne?"

Labbo ya gyara hula. "Wanga? To, shina nan dai."

"Ya ce me ya fi burge ka a halinsa?"

"Ci da kwana. Shi na aikinai."

Oladipo ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na faɗa wa Baturen abin da Labbo ya ce daidai, sannan na bayyana masa cewa a wurinmu uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya ma kiran sunansa. Na yi zaton zai ɓata rai. Sai ya tuntsire da dariya, ya ce shi ma mahaifinsa har ya mutu bai taɓa ce masa ya yi abin kirki ba, don haka yaron zai ji kamar a gida yake. Ya ce sun ɗauke shi, saura abu ɗaya. Dole a sami wani mazaunin Ingila da zai tsaya masa, wanda zai ɗauke shi in an yi gajeren hutu, a kuma kira shi in ba shi da lafiya.

Kafin in gama juya maganar Oladipo ya karɓe. "Wannan mai sauƙi ne. Yayana Gbadebo zai riƙe shi."

Na ga Labbo ya miƙe zaune. "Zai riƙe shi?"

"Zai riƙe shi mana, kamar ɗan cikinsa."

Washegari Labbo ya sa babbar riga, abin da ban taɓa gani ba sai da salla, ya ɗauki ƙwaryar goro, ya kira dattawan unguwa biyu, aka tafi gidan Oladipo. A gabansu ya ce ya ba Gbadebo yaron halak malak, in ya yi laifi ya hore shi, in ya isa aure ya yi masa. Oladipo ya karɓi goro yana ta godiya, ya ɗauka irin girmamawar mutanen arewa ce. A kan hanyar komawa na tsayar da Labbo, na ce masa abin da Bature yake nufi ba riƙo ba ne irin namu. Sa hannu ne kawai, kuma da yaro ya kai shekara sha takwas shi ke nan.

"Malam," ya ce, "mutum shi buɗe ma ƙohwar gidanai, ɗanka shi ci tuwonai, shi kwan cikin ɗakinai, ka ce sa hannu na? Ku 'yan boko komi sai kun rage mishi daraja."

Makarantar ta aiko da bayanin tufafin da za a saya, ta kuma ce kowace riga da wando da safa sai an ɗinka mata ɗan ƙyalle mai ɗauke da sunan yaro. Riskuwa ta hana a kai wa tela, ta ce ita za ta yi. Ta tambayi matata abin da aka rubuta a jiki, aka ce mata harafin farko na sunan yaron ne, sannan sunan maigidanta. Ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane, ta ce, "Duka biyun ba na bakina ba na." Ta zauna a gindin darbejiya ta ɗinke su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar allura, kuma matata ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai ƙarfi haka ba.

Ranar tafiya Labbo ya fita tun da sassafe, ya bar saƙo wai zai duba rudu a Augie. Ni da Oladipo muka ɗauki yaron zuwa Kano inda zai hau jirgi. Da muka kusa Argungu sai na hango gingimarinsa a gindin wata tsamiya a gefen hanya, shi kuma yana tsaye a bayanta, rabin jikinsa a ɓoye. Na taɓa Maliki don ya duba, amma idonsa na kan sababbin takalmansa. Kafin ya ɗago mun wuce.

Makarantar tana sa yara rubuta wasiƙa gida kowace Lahadi, saboda haka da farko muna samun labari a kai a kai. Ni nake karantawa a zaurensu, Labbo yana zaɓen albasa kamar ba ya ji, Riskuwa tana bayan ƙyaure. A nan muka ji cewa a can ba a kiran yaro da sunansa sai da na mahaifinsa, malamai da ɗalibai duk Labbo suke ce masa. Labbo ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ni in na tahi mi za su kira ni?" Muka ji labarin sanyi, da dankali kullum, da ranar wasanni da iyaye suke zuwa su rungume 'ya'yansu a gaban jama'a. In na ce me za a amsa, magana ɗaya ce: ya gaida babansa Gbadebo, ya yi masa biyayya. Nakan ƙara da hannuna cewa ana kewarsa a gida. Amma yaro mai wayo ya san abin da ya fito daga bakin ubansa da abin da malami ya ƙara.

Da dogon hutu ya matso ya rubuto cewa sauran yaran Nijeriya suna tafiya gida. Labbo ya ce in mai riƙo ya ga dama ya aiko shi. Gbadebo a can yana jiran tikiti daga uban yaro. Na je na sami Oladipo, shi kuma ya zo har gida ya ce wa Labbo ya sayi tikiti yaro ya zo hutu. Fuskar Labbo ta canza.

"Laihi yay yi mishi? Ko ciyarwa ta yi nauyi? In ƙara aike."

"A'a, wallahi yaron kirki ne, ba ya damun kowa."

"To shi zamna."

Oladipo ya ce mini daga baya in bar shi, akwai iyaye da yawa da ba sa son yaro ya dawo tsakiyar karatu kada Turancinsa ya lalace. Shi haka ya fahimta. Bayan haka shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, fitar da kuɗi waje ya zama wahala, Labbo ya sayar da gingimari ɗaya, daga baya ya sayar da ta biyun don kada karatun ya tsaya. Duk da haka ba ya fasa aika wa Gbadebo kilishi da busasshen kifin Argungu da daddawa in an sami mai tafiya. In ya je shagon Oladipo iyakar tambayarsa ita ce, "Ya mutanen can?" A ce masa lafiya lau, ya ce madalla. Wasiƙun suka yi ta gajarta, suka koma sai ƙarshen zango.

A 1984 Maliki ya gama. Ya aiko cewa zai bugo waya, muka tafi ofishin tarho a Sakkwato, ni da Labbo da Oladipo. Ɗakin cike yake da masu jiran layi, kuma sai an ɗaga murya ake ji. Ina tsaye kusa, na ji muryar yaron, ta zama ta namiji, Hausar ta yi tauri a bakinsa.

"Baba, na gama. An ba ni wuri a jami'a a nan. Amma in ka ce in dawo gida, zan dawo. In dawo?"

Labbo ya dubi Oladipo, ƙanen mai riƙo, yana tsaye a gefensa. Ya dubi mutanen da suka zuba masa ido. Sannan ya ce cikin wayar:

"Ka tambayi babanka na can. Abin da yac ce shi za a yi."

Daga wancan gefe Maliki ya ce, "To." 

A mota na ce wa Labbo ya yi kuskure, yaron ba zai ji maganar yadda yake nufi ba. Ya ce mini in kwantar da hankalina, Gbadebo mutumin kirki ne, yanzu da karatu ya ƙare shi da kansa zai kawo shi, kamar yadda kawu Hodi ya yi. Kafin mu bar Sakkwato ya tsaya kasuwa ya sayi katifa. A cikin watan ya sa aka gina ɗaki a gefen zaure, aka yi masa siminti da farar ƙasa da taga mai gilashi, ya ce wanda ya saba da Ingila zai so iska.

A ƙarshen wannan shekara aka yi mini canjin aiki zuwa Gusau, kuma ban dawo da zama ba sai da na yi ritaya a 1990. Na tarar da Labbo ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, ya koma dillancin albasar wasu a kasuwa. 'Yan matan duk sun yi aure. Ɗakin yana nan a kulle, Riskuwa tana buɗewa ta share duk Juma'a. Wasiƙa ta daina zuwa tun bayan wayar Sakkwato. Da na shiga gaishe ta sai ta ce da ƙaramar murya, "Malam, ɗan mutane ko ya yi aure?" Na ce mata ni ma ban ji labarinsa ba.

Wata safiya da hantsi Labbo ya shigo mini da babbar rigar nan, ta yi masa yawa yanzu, da goro a ƙunshe.

"Tashi ka raka ni wurin Baban Bola. Abin kunya za ni yi, gara in yi shi gabanka."

Muka sami Oladipo yana jera batura. Labbo ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye goron.

"Sarkin Albasa, lafiya? Tashi mana, ka girme ni."

"Baban Bola, na san ba a yin haka. Ubana bai yi ba. Amma jikina ya gaya mini magana. Ka roƙam mini yayanka shi ara mini wanga yaro. In gane shi kawai, in maida mishi abinai."

Oladipo ya saki batirin da ke hannunsa. "Ya ara maka? Wa zai ara maka? Ai Maliki ba ya wurin Gbadebo."

"Ina yak kai shi?"

"Bai kai shi ko'ina ba. Tun da ya gama makaranta aikin Gbadebo ya ƙare. Yaron ya tambaye shi ko ya koma gida, ya ce masa wannan maganar ubanka ce, ba tawa ba. Sai ya tafi jami'a. Sun daɗe ba su haɗu ba. Wallahi na ɗauka ka sani, na ɗauka kuna magana."

"To wa ka riƙonai?"

"Babu kowa, Labbo. Shi kaɗai yake."

Labbo ya zauna daɓas a kan simintin shagon, cikin baƙin mai. Ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe duk shekarun nan ba wanda nika kunya." Oladipo ya durƙusa a gabansa yana kuka, yana cewa da ya sani da bakinsa bai furta kalmar nan ba a Argungu.

Gbadebo ya yi ta cigiya har ya samo lambar wayar inda Maliki yake aiki, a wani gari a arewacin Ingila, wurin masu gyaran ruwan sha. Ya yi aure, matar tana da ciki. A lokacin Oladipo ya sa waya a shagonsa, a nan muka buga da rana tsaka. Wanda ya ɗauka ya ce da Turanci, Labbo ne ke magana. Na faɗa masa ko ni wane ne, ya gaishe ni da ladabi kamar yana ajina. Na bayyana masa komai, tun daga goron da aka kai har ɗakin da aka gina. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya ce, da Turanci, shi ya tambaya sau ɗaya, aka ce masa yana da wani uban. Ya ce ya san kalmar riƙo, amma yana da shekara sha uku ya bar gida, abin da ya gani shi ne kowa ana zuwa ɗaukarsa shi ba a zuwa.

Labbo ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya ce wa yaran shago su fita. Ya juya fuskarsa ga bango, inda tsohon hoton nan na ciyawa yake har yanzu, ya koɗe. Sannan ya ce:

"Maliki."

Ina kusa, na jiyo amsar daga wancan gefe.

"Na'am, Baba."

"Ka taho gida."

Ya miƙo mini wayar da sauri kamar ta ƙona shi, ya fita waje ya tsaya cikin rana. Maliki yana kuka a wancan gefe. Ya ce mini zai zo da zarar matarsa ta sauka, a gaya wa Baba ya jira shi.

Labbo ya sa aka sake shafa wa ɗakin farar ƙasa, aka canza katifar da gara ta ci. Kullum bayan la'asar yakan sa a fitar masa da tabarma ƙofar gida, fuskarsa ga hanyar tasha. In na zauna da shi ba ya zancen yaron, sai na farashin albasa. Ya rasu a farkon 1991, lokacin da ake cire albasa a fadama, watanni kaɗan kafin a ba mu jihar Kebbi. Jaririn ya zo duniya a makon da muka binne kakansa.

Maliki ya iso da damina ta fara. Dogo ne kamar uban, har tafiyar iri ɗaya, mutanen kasuwa suka yi ta salati da suka gan shi. Na kai shi maƙabarta, ya tsaya a kan kabarin bai san addu'ar da zai yi ba sai da limamin unguwa ya ja shi. Ya kwana a ɗakin da aka gina masa. Riskuwa takan kawo masa tuwon shinkafa da kanta ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma ba ta dube shi ba, sannan ta laɓe a bayan ƙyaure tana kallon yadda yake ci.

Ranar da zai koma, mota tana jira a ƙofar gida, ya shiga ya durƙusa a gaban Riskuwa, ya haɗa 'yar Hausar da ta rage masa ya ce, "Inna, zan tafi." Ta juya ga matata ta ce, "Ki ce ma ɗan mutane Allah shi kiyaye hanya." Ya fito zai sa takalmi, aka ga ƙafa ɗaya ce kawai a bakin ƙofa. Aka duba zaure, aka duba bayan randa, direba yana ta danna ham. Ƙanwarsa Asiya ce ta shiga ɗakin uwar ta sami ɗayan takalmin a ƙarƙashin gado, an naɗe shi cikin zane. Maliki ya karɓa yana dariya, dariyar ta koma kuka, ya zauna a kan dakalin da ubansa yake zaɓen albasa ya daɗe bai sa shi ba. Riskuwa ba ta fito ba. Daga baya ya sa takalmin, na raka shi har tasha.